Ranar da Injiniya Ya Binne Baƙar Ƙasa

"Shekara tara na yi a filin haƙar nan," in ji Injiniya. "Babu dutsen da bai san takuna ba. Ku ɗaure min ido da tsumma ku ajiye ni a tsakiyarsa, in lashi ƙasa in gaya muku inda nake tsaye."

A rumfar mai aski ya faɗi haka, rabin kansa a aske, rabi da kumfa. Ba ranar ya fara faɗa ba, kuma babu mai ƙaryata shi, don yawancin mutanen unguwar sun zo ne bayan kamfanin haƙar ma'adinin ya kwashe kayansa ya tafi. Ainihin sana'arsa gyaran laima da tocila. Sunan Injiniya shi ya raɗa wa kansa, ya rubuta da jan fenti a jikin akwatin aikinsa. Mutane suka ga kiran ba ya rage musu komai, suka bi shi da shi.

Filin yana bayan unguwa. Shekara ashirin ke nan da aka daina haƙar ma'adini a wurin. Abin da aka bar wa mutane shi ne rami mai faɗin gida huɗu, cike da ruwa mai launin tsatsa, da kangon wasu ɗakuna, da tudun ƙasa guda biyu. Ɗaya baƙi ne, ciyawa da ƙaya sun lulluɓe shi. Ɗayan fari-fari ne mai sheƙi, ko tsinke bai taɓa tsirowa a kansa ba.

Wata ranar Talata sai ga wata malama daga ofishin kula da muhalli. Ta tara mutane a bakin ramin ta ce za a cike shi, a gyara wurin, a raba wa kowane gida ɗan fili ya yi lambu. Ta ce za ta dawo bayan mako uku da kayan aiki, kuma a ranar za ta zaɓi mutum ɗaya daga unguwar wanda ya san filin, ya zama mai kula da aikin. Ta ɗaga wata hular kwano rawaya ta nuna musu.

"Kafin nan, don Allah kada kowa ya taɓa komai. Ku dai kewaye ramin da igiya saboda yara."

Injiniya bai ji wannan ba. Tun da hular ta fito daga jaka kunnensa ya toshe.

Motar malama ba ta gama ɓacewa ba ya hau kan wani dutse.

"Jama'a, na san ofis. In muka zauna jiran ofis, jikokinmu ne za su ci tumatirin nan. Mako uku ya ishe ni. Ta dawo ta tarar da lambu, ta rasa abin cewa."

"Ta ce kada a taɓa," in ji mai aski.

"Ku take nufi. Ku da ba ku san wurin ba."

Mutane suka dubi juna. Damina ta kusa, kuma kowa ya riga ya shuka albasa a zuciyarsa. Aka yarda.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana ɗaure kaya. Ɗaya daga cikin tagwayensu ta haihu a wani gari, za ta je ta zauna da ita kwana biyu. Ya ba ta labari yana zagaya tsakar gida, hannu a baya.

"Baban biyu," ta ce, "ka jira matar nan."

"Uwar biyu, maganar ƙasa ake yi, ba maganar miya ba."

"To in ka ƙi ji, ka riƙe wannan kaɗai. Farar a ƙasa take zuwa, baƙar a sama."

"Ji mata! Motarki za ta tashi."

Ta dube shi tun daga hula har silifa, ta ɗora jakarta a ka, ta fita.

Aikin farko shi ne kwashe ruwan. Injiniya ya aro injin ban ruwa a wurin mai wankin mota, ya jefa tiyo ɗaya a rami, ya ja ɗayan ya haura da shi bayan farin tudu, ya saka bakinsa a wata kwata. Injin ya kama tari, ruwa ya fara bulbula. Injiniya ya kafa sanda a gefen ramin don auna raguwar ruwa, ya kawo kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Kwana ɗaya, ruwa yana inda yake. Kwana biyu, yana inda yake. A rana ta uku sandar ma ta ɗan ƙara nutsewa.

Mai aski ya zo yana shan lemo. Ya tsaya ya kalli tiyo, ya kalli kwata. Ya haura bayan tudu ya jefa ɓawon lemonsa a kwatar, ya dawo ya tsaya kusa da kujerar Injiniya. Ba a daɗe ba sai ga ɓawon lemo ya zagayo ta ɗaya gefen tudun, yana tafe a hankali kamar mai dawowa daga kasuwa, ya faɗa cikin ramin.

Duk wanda ke wurin ya bi shi da ido.

"Injiniya, ɓawona ya dawo."

"Na gani. Ai wanke ruwan nake yi. Dole ya zaga sau uku kafin a taɓa shi."

"Kwana uku yana zagawa."

"Shi ya sa yanzu ya wanku. Ku kashe injin. Ba sai an kwashe shi ba, ƙasa za ta shanye abinta."

Mai wankin mota ya zo ya ɗauki injinsa bai yi wa kowa sallama ba.

Sai aka zo kan cikon rami. Ƙanin matar Injiniya direban tifa ne, ya yarda zai riƙa zuwa da yamma bayan ya tashi daga aiki. Maza suka fito da shebur, mata da kwanuka da bokitai, aka samo baro huɗu. Aka tsaya tsakanin tudu biyu ana jiran umarni.

"Wanne za mu fara zubawa, Yaya?" in ji direban.

Nan maganar matarsa ta faɗo masa a rai, sarai kamar tana tsaye a bayansa. Farar a ƙasa, baƙar a sama. Ya auna abin. In ya bi maganarta, har ya mutu za ta riƙa cewa ita ta koya masa aiki, kuma a gaban ƙaninta. Ya gyara tsayuwa.

"Ku dubi baƙar nan. Me kuka gani?"

"Ciyawa."

"Ƙazanta ke nan. Yanzu ku dubi farar. Shekara ashirin, ko ciyawa ɗaya ba ta yi gigin hawanta ba. Tururuwa ma kewaye ta take yi. Akwai ƙasar da ta fi wannan tsabta? Ofishin tsabtar muhalli za su zo, sai mu nuna musu datti a sama? Baƙar a ƙasa, farar a sama."

Aka sa shebur a baƙin tudu. Ƙasar ta buɗe da laushi, tana ƙamshin ruwan farko, tana cike da tana. Wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Iya ta ɗebi cikin hannu ta murza ta shinshina.

"Ɗan nan, wannan ƙasar ai ko tsintsiya ka dasa a cikinta sai ta yi ganye."

"Iya, ba ki ga tsutsa ba? Ta ruɓe. Tun ina wurin take ruɓewa."

"Ni dai zan ɗebi bokiti ɗaya."

"Ɗebi biyu, ki rage mana aiki."

Tifa ta cika. Injiniya ya ce shi zai ba da hannu, don ja da baya a bakin rami aikin masana ne. Ya sauka kan wani ɗan tudu a cikin ramin, inda direban zai hango shi ta madubi, ya fara kaɗa hannu.

"Taho. Taho. Taho. Yawwa, juye!"

Direban ya leƙo. "Yaya, ka matsa gefe."

"Na auna. Gabana za ta zuba. Juye!"

Ya juye. Da ƙura ta lafa, sai aka ga Injiniya daga ƙirji zuwa sama kaɗai, hularsa tana yawo a kan ruwa. Mata suka sa salati. Maza huɗu suka ja shi da igiyar da aka saya don kewaye ramin. Ya fito ba silifa, ba wando, sai doguwar riga da ta rufa masa asiri.

"Laushinta nake aunawa," ya ce yana tofar da ƙasa. "Ta yi. Ku ci gaba."

"Wandon fa?" in ji mai aski.

"Alama na bari, don a san zurfin."

Kwana shida ana zuba baƙar ƙasa a cikin jan ruwa har tudun ya ƙare. Kwana uku aka yi ana shimfiɗa farar a kai. Injiniya ya sa aka daddaɓe ta da katako, ta kwanta sumul tana walƙiya kamar sabon faranti. Har masu wucewa suka riƙa tsayawa kallo. Aka ja layi, kowane gida ya shuka abin da ya samu, aka yi ta ban ruwa safe da yamma.

Kwana biyar, shiru. Kwana bakwai, shiru.

Iya tana da wata akuya da ta taɓa cinye kwalin sabulu har da sabulun. Rannan ta tsinke igiya ta nufi filin a guje. Ta zo bakin farar ƙasa ta ja birki, ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya ta koma gida da kanta.

"Kun gani?" in ji Injiniya. "Ko dabba ta san aikin hukuma."

"Irin da muka shuka ma da alama ya sani," in ji mai aski. "Ya ƙi fitowa ya taka."

"Saiwa yake yi tukuna. Shuka mai hankali ƙasa take fara yi."

Amma da ya koma gida abinci ya ƙi shiga. Saura kwana biyu malama ta dawo, filin nan kuwa tas yake kamar kan da mai aski ya gama da shi. Ya zauna ya zuba wa akwatin aikinsa ido. Can sai ya miƙe.

Washegari ya bi gida gida. Ya ce wata cuta ta shigo gari tana kama shuke-shuken da ke cikin bokiti da gwangwani, shi kuma yana da maganinta, kyauta, amma sai sun kwana a wurinsa. Iya ta ba da tumatirinta da ta dasa a shuɗin bokiti mai mariƙin waya. Mai aski ya ba da barkononsa na cikin gwangwanin fenti. Aka samu ɗan itacen lemo a cikin yankakkiyar jarka, da albasa a tsohuwar roba, da wasu goma sha wani abu. Da ya jera su a tsakar gida ya ga kamar babu ado, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko furen roba da matarsa ke ajiyewa a kan talabijin.

Ranar da malama za ta zo, tun da sassafe ya yi ta jigila da baro. Ya haƙa ramuka a farar ƙasa, ya binne kowane bokiti har baki, ya share sawu da tsintsiya. Ya koma ya yi wanka, ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya maƙala biro uku a aljihu. Hula kuwa bai sa ba, ya bar wurin a buɗe.

Da hantsi mutane suka fito suka ga lambu. Wasu suka riƙe baki. Iya ta ƙanƙance ido tana kallon wani tumatir kamar ta san shi a wani wuri.

Malama ta sauko daga mota da jakarta da wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki. Ta nemi rami ba ta gani ba. Ta nemi tudu biyu ba ta gani ba. Ta daɗe a tsaye.

"Wa ya yi wannan?"

"Ranki ya daɗe, ɗan ƙoƙari ne," in ji Injiniya, yana matsowa da kansa kusa da jakar. "Shekara tara a filin nan, abin ya zama jiki."

Ta shiga cikin lambun tana takawa a hankali. Ta tsaya a kan tumatir, 'ya'yansa shida jajaye.

"Yaushe kuka shuka?"

"Kwana tara ke nan."

"Tumatir ya nuna a kwana tara."

"Ƙasar ce da ƙarfi, ranki ya daɗe. Da dare har ƙarar girmansu ake ji."

Ta matsa gaba ta sunkuya kan furen. Ta taɓa ganyensa, ta juya shi. Akwai 'yar takardar shago a manne a gindinsa.

"Wannan fa?"

"Sabon iri ne. Ba ya son ruwa."

Ta gyaɗa kai. Da ta juyo, sai takalminta ya sarƙe da wata waya da ta leƙo daga ƙasa. Ta sa hannu ta ja. Waya ta taso, ƙasa ta tsage, tumatir ya tashi sama gaba ɗayansa, da shuɗin bokiti a gindinsa.

"Bokitina!" in ji Iya. "Ɗan nan, maganin ke nan?"

Mai aski ya je ya kama barkono ya ɗaga, gwangwanin fenti ya biyo shi. Kafin a ce wani abu, kowa ya shiga lambu yana tuge nasa. Cikin ɗan lokaci filin ya koma fari fat, sai ramuka, sai furen roba shi kaɗai a tsaye yana kaɗawa.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta kafa dogon ƙarfenta ta yi ta murɗawa har ya nutse, ta zaro shi. Ƙasar da ta biyo shi fara ce a sama, baƙa a ƙasa, can ƙarshe kuma jar laka. Ta ɗaga kowa ya gani.

"Farar nan ita ce dusar da ke saura in an wanke ma'adini. Akwai guba a cikinta, shi ya sa ba abin da ke tsirowa. Duk wanda ya ɗebe ta da hannu zai je asibiti a duba shi. Baƙar kuwa ita ce ƙasar saman wurin nan. Kafin a fara haƙa aka kankare ta aka tara gefe, don ranar da za a mayar. Ita kaɗai ce ƙasar noma a filin nan. Ita za a raba muku."

Direban tifa ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Injiniya ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, wannan ilimin zamani ne. A lokacinmu ba haka ake yi ba. Tudun nan biyu da hannuna na tara su."

"Baban biyu."

Aka waiwaya. Uwar biyu ce tsaye da jakarta a ka, ko gida ba ta biya ba. Ta dubi filin, ta dubi furenta, ta dubi mijinta.

"Baƙar a ƙasa ka zuba."

"Uwar biyu, ana magana da hukuma."

"Baba, kin san filin ne?" in ji malama.

Ta sauke jaka ta buɗe tafin hannayenta, duk tsofaffin tsagu. "Shekara bakwai ina wanke ma'adini a nan, 'yata. Farar nan daga ƙarƙashin hannuna ta fita. Ko abinci ba a barin mu mu ci kusa da ita."

"Shi kuma maigidan?"

"Shekara tara gaskiya ya faɗa. A bakin ƙofa. Mota ta zo ya ɗaga sanda, ta wuce ya sauke."

"Bai taɓa shiga ciki ba?" in ji mai aski, yana washe baki don daɗi.

"Sau ɗaya. Iska ta ɗauke masa hula ya bi ta. Aka koro shi don ba shi da takalmin aiki."

"Duk abin da ya shiga filin nan ta gabana ya wuce," in ji Injiniya.

"Haka ne," ta ce. "Ta gabanka."

Malama ta tambaye ta ko akwai abin da za a iya cetowa. Uwar biyu ta karɓi ƙarfen ta duba, ta murza ƙasar da yatsa. Ta ce a kwashe farar duka, da safar hannu da takalmi, a tara ta kan leda. A zubar da taƙi ɗaya na baƙar da ta taɓa farar. Ta tsakiya a tono ta a shanya. Wadda ta sha jan ruwa kuwa ta tafi ke nan.

"Nawa zai rage?"

"In an yi sa'a, rabi."

"Wato lambun kowa ya zama rabi," in ji Iya, tana rungume da bokitinta. Ido ya koma kan Injiniya, gida gida.

Malama ta buɗe jaka ta fito da hular kwano. Injiniya, don sabo da mafarkin mako uku, ya ɗan sunkuyar da kai. Hular ta wuce ta gefen kunnensa ta sauka a kan ɗankwalin matarsa.

Uwar biyu ta gyara zaman hular. "Baro huɗu ne. Na farko na Baban biyu ne, shi ya san inda ya zuba komai. In an kai ƙasa a nemo masa wandonsa, ƙanina ya ba ni labari a waya."

Aka kawo baro aka ajiye a gabansa. Ya kama hannayen, ya dubi jama'a, ya ga har yanzu akwai sauran masu sauraro. Ya matsa kusa da mai aski, amma da murya yadda kowa zai ji.

"Gwada ku nake yi, in ga ko akwai mai lura. Duk abin da ta faɗa ni na koya mata. A wurin wankin ma'adinin, ga shi can." Ya nuna wani kango mai ƙananan ƙofofi uku a jere. "Nan nake tsayawa a kanta kullum, tun safe har yamma."

Uwar biyu ko waiwayowa ba ta yi ba, tana nuna wa malama inda za a shimfiɗa leda.

"Banɗakin ma'aikata ne wannan, Baban biyu. Tura baro."